Faifan da Inna Ta Saƙa wa Wancan

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona game da hotuna ukun nan da ke rataye a zaurena. Wasunku sun ce tsufa ne, ɗan'uwanku Sadiku kuwa cewa ya yi mai wanke hoto ne ya fitar da abu ɗaya sau uku, ni kuma na ji nauyin mayar masa. Na kuma san kun ɗauka abin da ya shiga tsakanina da Gwaggonku Dije a shekarar da Inna ta rasu rashin kunya ce ta yi mini a gaban mutane, shi ya sa har yau wasunku ke gaishe ta a tsaitsaye. To ku zauna ku karanta. Dije ba ta yi mini komai ba. A shekarar nan na ɓatar da abu ɗaya tak da mahaifiyata ta taɓa yi domina, kuma da hannuna na ɓatar da shi, ina zaune a kujera da tabarau a hanci, ina ganin gyara nake yi. Yayarku Binta ta san rabin labarin, sauranku ba ku san komai ba, ni kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Sai na fara gaya muku irin mutumin da nake, ko da yake kun sha fama da shi. Shekara talatin da biyar na yi a ɗakin ajiye takardu na ƙaramar hukuma a nan Gumel, na shiga ina ƙaramin akawu na fita ina shugaban sashe. Abu biyu na koya a can, da su na yi suna. Na farko, kowace takarda gida ɗaya gare ta, don in ka ba ta gida biyu, ranar da ake nemanta ba za a same ta a ko ɗaya ba. Na biyu, fayil ba ya kwana a teburina. Abin da aka yanke da safe, kafin la'asar na zartar na rufe. Abokan aiki suna kirana Malam Yanzu-yanzu, ina ɓata rai a gabansu, alhali har cikin zuciyata ina jin daɗin sunan. Mahaifiyarku, Allah ya ƙara mata haƙuri, ta ga ta kanta da wannan hali, don har tukwanenta na taɓa jera mata bisa girma, ta yi kwana biyu tana neman ta miya.

Inna kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Ɗanzomo. Babana malamin dabbobi ne, wajen allurar shanu ya gan ta, ya aure ta ya kawo ta gari. Ni ne ɗanta na fari. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba kamar yadda aka saba, auren kuma bai yi nisa ba ya mutu, ta koma cikin danginta ta yi wani auren ta haifi wasu 'ya'yan. Kun san kunyar ɗan fari, amma irin ta gari kuka sani, wadda ta riga ta yi laushi. Ta su Inna ba ta lanƙwasuwa. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je gaishe ta da salla sai ta juya fuska wajen ƙorenta, in durƙusa in yi ta jero gaisuwa, wata ƙanwarta ke amsawa a madadinta. Iyakar abin da kunnena ke tsinta daga bakinta shi ne ta ce da matan gidan,

"A ba wancan nono."

Wancan, ni ke nan. Na san al'ada ce, an gaya mini tun ina ƙarami, ni ma na sha gaya wa wasu da bakina. Amma sanin bai hana ni jin ciwo ba. Na girma ina ganin tana wasa da ƙannena, tana ƙwala musu kira da sunayensu tun daga bakin rijiya, sai na ƙulla a raina cewa al'adar ta zo mata daidai ne kawai, ta samu inda za ta ɓoye rashin damuwa da ni. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau. Shi ya sa da aka haifi Binta, 'yata ta fari, na dinga kiran sunanta da ƙarfi a tsakar gida har maƙwabta suna cewa Malam Isiyaku ba shi da ta ido.

Shekara uku da yin ritayata, wajen ƙarshen damina, Binta ta zo daga Dutse da wata magana. Ita da abokan aikinta masu harkar kwamfuta sun buɗe shafi a intanet don tara hotunan aikin hannu na yankinmu, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar: ƙwarya mai zane, ɗinkin hula, tabarmi, zanen bangon soro, faya-fayai. Malaman makaranta da 'yan kasuwa ke ɗauka da waya suna ɗorawa. Matsalar ita ce duk wanda ya ɗora hoto sai ya maƙala masa sunan da ya ga dama. Wannan suna su tag suke ce masa, ni laƙabi nake cewa, wato kalmar da in ka latsa ta duk hoton da ke ɗauke da ita zai fito maka wuri ɗaya. Kafin a ankara laƙabi ya kusa fin hotuna yawa, shafi ya zama kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Binta ta ce suna neman dattijo mai tsari ya shugabanci kwamitin da zai fayyace ma'anar kowane laƙabi, ya kuma haɗe waɗanda suke abu ɗaya. Na ɗan ja aji kamar yadda ya kamata, alhali tun kafin ta rufe baki na fara tunanin irin littafin da zan buɗe wa aikin.

Mu biyar ne, muna zama a zauren nan kowace Asabar da hantsi. Akwai Malam Tanko, tsohon hedimasta daga Gagarawa, wanda ba ya iya cewa eh sai ya fara daga zamanin da yake aji uku. Akwai Alhaji Mamman, mai sayar da huluna a Maigatari, rabin danginsa a tsallaken iyaka suke. Sai Binta, sai ni, sai Dije. Dije 'yar ƙanin Inna ce, taubashiyata ke nan, malama ce a makarantar 'ya'yan makiyaya kusa da rugarsu. Tun muna yara muke tsokanar juna, tana ce mini Kaɗo mai tsoron saniya, ina ce mata 'yar daji da ta shigo gari bisa kuskure. Ita ce ta fi kowa kawo hotuna, don babu bukkar da ba ta shiga.

In na tuna Asabar ɗin nan har yanzu sai in ji bayana ya riƙe. Mun ci zama uku a kan ko ƙwaryar da aka sassaƙa da wuƙa da wadda aka ƙona da ƙarfe mai zafi za su zauna ƙarƙashin laƙabi ɗaya. Mun ci biyu a kan hular da aka ɗinka a Damagaram, aka sayar a Maigatari, aka sa a ka a Gumel, ta ina ce, har Alhaji Mamman ya cire tasa ya ajiye a tabarma ya ce a tambaye ta. Shayi ya huce, azahar ta yi, a tashi ba a yanke komai ba, a dawo guruf ɗin waya a ci gaba da saƙonnin murya masu tsawon huɗuba. Don in kashe bakin gardama sai na kafa dokoki uku, aka amince. Laƙabi zai faɗi abin da ido ke gani a hoto ne kawai, ban da labarin da ke bayansa. Kowane abu za a ɗauke shi daga sama a kan farin ƙyalle, ba hannu, ba fuska, ba ɗaki, don hotuna su zo bai ɗaya. Kuma kowane hoto laƙabin zane ɗaya zai ɗauka. A kan ta ukun Binta ta ce, Baba, kwamfuta fa ba kabad ba ce, hoto ɗaya zai iya ɗaukar laƙabi goma bai ɓata ba. Na ce mata na fi ta daɗewa da takarda.

Dije ta fi kowa bin dokar farin ƙyalle. Tana yawo da yadi guda a jakarta, duk kaka da rani tana bin rugage tana shimfiɗawa tana ɗauka. Wayarta ƙarama ce, ba ta da wuri, don haka in ta samu sabis ta ɗora sai ta goge, ta sake cikawa. Yawancin abin da take kawowa faya-fayai ne, kuma a cikin faya-fayai babu zanen da ya kai zabuwa yawa, baƙi da fari ɗigo-ɗigo, da jan zagaye a baki. Kowace mace ta iya shi, a gari da daji. Hotunansa sun haura ɗari uku a shafin. Da bazara ta yi, gobara ta tashi a rugar su Inna ta cinye bukkoki huɗu har da ta Inna. Ba a rasa rai ba, amma ba a fitar da ko tsinke ba. Na je jaje da buhun gero da kwanon rufi, na ji ta ce a gaya wa wancan an gode, na dawo ina ganin na sauke nauyi.

Da ruwan farko ya sauka muka iso kan faya-fayai. Ina bin littafina sai na ci karo da wani laƙabi da Dije ta ƙirƙira, wai faifan ɗan fari, hotuna goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na duba da tabarau. Zabuwa ne, babu ko ɗigon bambanci. Ranar Asabar na kawo maganar a zaure, na ce wannan aikin minti biyu ne, a haɗe shi da zabuwa a wuce. Sai Dije ta gyara mayafi ta ce a saurare ta. Ta ce a rugarsu in mace ta haifi ɗanta na fari, cikin kwanakin jego takan zauna ta saƙa faifai ɗaya na zabuwa. Tunda ba za ta kira sunan ɗan ba, ba za ta ɗauke shi a gaban mutane ba, sai abin da ke ranta ya tafi cikin saƙar. Ba ta rufe komai da shi, ba ta kai shi kasuwa, ba ta kuma ba ɗan, sai dai ta soke shi a bayan jeren ƙorenta har ta mutu. Maza ba su sani ba, don ba a faɗa musu. Ta ce da ƙyar tsofaffin suka yarda ta ɗauki hoton, sai da ta yi musu alkawarin ba za a sa sunan kowa ba.

Tambaya ɗaya ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta, don ina tsoron amsar. A raina na riga na ba kaina amsa cewa matar da ba ta taɓa duban fuskata ba, ba za ta zauna ta yi mini saƙa ba. Sai wani abu mai ɗaci ya taso mini, na mayar da shi doka. Na ce labari ne mai daɗi, amma doka ta ce abin da ido ke gani. Na juya kwamfutar na jera hoto ɗaya daga nata da ɗaya daga na kasuwa, na ce duk wanda ya iya raba su ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Dije ta ce to a bar su su ɗauki laƙabi biyu, zabuwa da ɗan fari, tunda Binta ta ce ana iyawa. Na ce in na buɗe wannan ƙofar gobe wani zai zo da hular ɗan auta, jibi da ƙwaryar kishi, mu koma inda muka fito. Malam Tanko ya yi jawabin rabin awa wanda ƙarshensa yana bayana. Alhaji Mamman ya ce shi ɗan kasuwa ne, amma ya san hular da uwa ta ɗinka wa ɗanta da wadda aka ɗinka don rumfa ba ɗaya ba ne ko da zare ɗaya aka yi su.

Dije ta dube ni, ba da fuskar wasan da muka saba ba.

"Yaya, ka bar wannan ɗin yadda yake. Ko don ni."

"Ki ba ni dalilin da zan rubuta a littafi," na ce.

"Ba ni da wanda za ka rubuta."

"To uwar da ta kasa kiran sunan ɗanta, ta je ta ɓoye faifai a bayan ƙwarya, me ɗan ya ƙaru da shi? Mu kuma me za mu ajiye wa duniya a nan?"

Ban san da zafi haka maganar za ta fito ba. Dije ta sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannu, ni da Malam Tanko gefe ɗaya, ita da Alhaji Mamman gefe ɗaya, saura Binta. Na ga yarinyar nan tana duban tabarma, na san ba ta tare da ni, amma ba za ta kayar da ubanta a zaurensa ba. Ta ɗaga hannu a gefena, sannan ta roƙi a ba da mako guda kafin a zartar, ko wani zai so ya kwafi wani abu. Aka amince, na rubuta da hannuna, mako guda. Daga baya na ji cewa a bakin ƙofa Dije ta riƙe hannun Binta ta ce kada a taɓa komai sai ta dawo ranar Alhamis da katin ajiya na waya mai wuri, ta kwafe hotunan. Binta ta ce ta kwantar da hankalinta, ta hau mota ta koma Dutse.

Makullin shafin yana hannuna, Binta ta koya mini yadda ake haɗe laƙabi tun farkon aiki. Ranar Lahadi da safe na karya kumallo na zauna a zaure, littafin yana buɗe a gabana da layi ɗaya da ba a ja masa jan biro ba. Na yi ƙoƙarin karanta jarida, idona yana komawa kan layin. Na ce a raina, abin da aka riga aka yanke, me kwana bakwai za su ƙara masa? Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a lokacin ita ce ba na son ganin kalmomin nan, ɗan fari, a ko'ina. Na buɗe kwamfuta. Ta tambaye ni ko na tabbata, ta ce in an haɗe ba a warwarewa. Na latsa. Hotuna goma sha ɗaya suka shige cikin ɗari uku da wani abu, kowanne a kan farin ƙyallensa. Na ja jan biro, na rufe littafi, na tafi ɗaurin aure a unguwar gabas.

Ranar Alhamis Dije ta iso da rana tsaka, ƙafarta duk taɓo, ta tarar da ni da baƙi uku a zaure. Ta gaishe su, ta ce in buɗe mata shafin. Na ce ai an gama tun Lahadi. Ta tsaya kamar ba ta ji ba, sai da na maimaita. Ba ta ɗaga murya ba, ku daina cewa ta yi mini ihu. Abin da ta ce ke nan, kuma shi ne rashin kunyar da kuka ji labari:

"Shekara sittin ana jiranka, kai ka kasa jiran kwana huɗu."

Ta juya ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Baƙina suka yi ta salati suna cewa matan yanzu sai addu'a, ni kuma na bar su suka faɗa, har na taya su. Ban gane maganarta ba, na ɗauka haushin faɗuwa ƙuri'a ne. Ta fita daga guruf, ta daina zuwa zama. Binta ta kira ni a waya, karo na farko a rayuwarta ta ce, Baba, ba ka kyauta ba, ta kashe. Muka ci gaba da zama mu huɗu, wani lokaci uku, muna gardamar tabarmi, amma abin ya fita daga raina, ina zuwa ne kawai don na saba gama abin da na fara.

Inna ta kwanta ciwo da gero ya fara fitar da kai. Na je na same ta a sabon ɗakin da aka yi mata, ta rame, jeren ƙorenta sababbi ne fes babu ko ɗaya da na sani. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya fuska bango kamar kullum, amma na daɗe a durƙushe ba ta ce a ba ni komai ba, sai can ta ce da Dije, wadda ke zaune a gefenta tana mata fifita, yana nan ko? Dije ta ce yana nan. Na ɗauka ni ake nufi. Bayan kwana tara ta rasu, muka kai ta makwancinta a gefen gonar ƙaninta. Na yi kuka, amma kukan wanda aka hana wani abu ne, ba na wanda ya rasa ba, Allah ya yafe mini.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Dije ta aiko a kira ni bayan garke. Tun ranar Alhamis ɗin nan ba mu yi magana ba. Ta ce yanzu bakinta ya buɗe, don wadda ta ɗaure shi ta tafi. Ta ce cikin goma sha ɗayan nan na huɗu na Inna ne. Ta saƙa shi a gidan babana a Gumel tana jegona, ta tafi da shi da auren ya mutu, ta yi ta yawo da shi duk inda shanu suka kai su, shekara sittin da 'yan kai. Da kaka ta yarda aka ɗauki hotonsa, bisa rantsuwar cewa wancan ba zai ji ba muddin tana numfashi. Da gobara ta cinye ɗakin, ba ta yi kukan tufafi ko ƙore ba, faifan take tambaya, har sai da Dije ta ce mata yana nan a cikin waya inda wuta ba ta kaiwa. Inna ta ce to, in ta tafi a nuna wa wancan.

"Abin da take tambayata ke nan ranar da ka zo," in ji Dije. "Na ce mata yana nan. Ban yi mata ƙarya ba, yana nan. Sai dai ban san inda yake ba."

Ban san yadda aka yi na zauna a ƙasa ba. Na tuna ina kallon wata saniya tana tuƙa, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, ina kuma jin wani irin daɗi a ƙarƙashinta, don ashe an saƙa mini.

Na kira Binta na tambaye ta ko akwai hanyar warwarewa. Ta tambayi abokan aikinta, suka ce shafin ƙarami ne, ba a gina shi ya riƙe tsohon laƙabi ba, kuma hotunan Dije duk ta asusun makarantarsu na shafin suka shiga a tare, ba a jere ba. Bayan sadakar arba'in Binta ta ɗauki hutu ta zo da kwamfutarta, muka tafi makarantar Dije, muka zauna a gindin wata tsamiya inda sabis ke kamawa. Kwana uku muna zuwa tun hantsi har la'asar. Dije ta ce na Inna tsoho ne, jan bakinsa ya koɗe, kuma bai cika faɗi ba. Muka fitar da sababbi, saura arba'in da wani abu. Muka fitar da manya. Ta yi ta matso da hoto tana nisar da shi, tana rufe ido tana tuna ranar da ta shimfiɗa ƙyallen. Da akwai gefen tabarmar Inna a hoton, ko yatsanta, ko inuwar ƙofarta, da an gama tun ranar farko, amma ni na hana. A rana ta uku muka tsaya a kan guda uku, Dije ta kai awa tana dubansu.

"Ki zaɓa mini ɗaya kawai," na ce. "Duk wanda kika nuna zan yarda."

"Ba zan yi maka ƙarya a kan Innarka ba, Yaya. Ido ba ya raba su. Kai ka faɗa, kuma gaskiyarka ce."

Na sha cin gardama a rayuwata, ban taɓa cin wadda ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Binta ta rufe kwamfutar a hankali, muka zauna mu uku har aka kira la'asar a cikin gari.

Asabar ta gaba na kawo shawara da bakina a dawo da laƙabin faifan ɗan fari, a kuma bar hoto ya ɗauki laƙabi fiye da ɗaya. Ba wanda ya ja. Dije ta sake ɗaukar yadinta ta bi tsofaffin, ta samo bakwai daga cikin goma sha ɗayan ta sake ɗauka. Sauran wuta ta ci wasu, wasu masu su sun yi ƙaura da shanu. Waɗannan ma alhakinsu yana wuyana, don kowannensu akwai wani wancan da bai sani ba. Na roƙi a sa hotuna ukun nan duka a ƙarƙashin laƙabin. Malam Tanko ya ce, Malam Isiyaku, ai ka san biyu daga ciki ba gidansu ba ne. Na ce na sani. Ya dube ni ya buɗe baki zai fara daga aji uku, sai ya fasa. A zaman nan na miƙa wa Alhaji Mamman littafin da jan biron, ban sake shugabantar komai ba.

To kun ji. In kun haɗu da Gwaggonku Dije ku durƙusa har ƙasa, don ta riƙe amanar matacciya da ta rayayye a lokaci guda, ta kuma sha zagi a kaina ba ta kare kanta ba. Ranar da za ku raba kayana, kada wani mai son tsari a cikinku, na san akwai, jinina ne, ya ce hoto ɗaya ne sau uku ya cire biyu. Ku ba Binta su duka yadda suke. Nakan tsaya a gabansu da hantsi in na fito zaure, in duba na dama, in duba na tsakiya, in duba na hagu, in yi mata addu'a. Ɗaya daga cikinsu hannun uwata ne, ta saƙa shi tana jego ina kwance a gefenta, a lokacin da babu kowa a ɗakin da za ta ji kunya. Ban san wanne ba ne, kuma babu sauran wanda ya sani a duniya.